Darasi na 9: Haɗa Takardu Da Yawa Su Koma Fayil Guda a Intanet

Duk wanda ya nemi aiki, ko gurbin karatu, ko tallafin sana'a ta intanet a 'yan shekarun nan ya ci karo da wannan sharaɗi: a ɗora dukkan takardun shaida a cikin fayil ɗaya na PDF. A shafin za ku tarar da gurbi guda tak na ɗora fayil, alhali a hannunku akwai takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon WAEC ko NECO, da takardar kammala makaranta, ga kuma wasiƙar neman aikin kanta. Idan kuka ɗora ta farko sannan kuka bi ta da ta biyu, sau da yawa ta biyun ture ta farkon take yi. Mutum ya tashi yana murna ya gama, ashe takarda ɗaya ce kawai ta isa wurin masu tantancewa.

A darussan baya mun koyi buɗe burauza, da aika imel, da ajiye fayil a folda. Yau za mu haɗa waɗannan mu yi aikin da mutane da yawa ke biyan kuɗi a shagon kwamfuta a yi musu. Ina so ku riƙe abu ɗaya tun daga farko. Danna maɓallin haɗawa bai kai minti ɗaya ba, kuma yaro ɗan firamare ma zai iya. Aikin gaske yana kafin dannawa da bayanta: yadda kuka shirya takardun, da yadda kuka jera su, da wanda kuka miƙa wa su, da dubawar da kuka yi kafin aikawa.

Dalilin da ya sa ake cewa PDF

Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da PDF a shekarar 1993. Matsalar da ya so ya magance ita ce wadda har yau take damun masu aiki da Word: ka rubuta wasiƙa a kwamfutarka tsaf, a buɗe ta a wata kwamfutar sai layuka su goce, shafi ɗaya ya koma biyu, sa hannu ya faɗa shafi na gaba. PDF yana daskarar da shafin yadda yake. A waya, a kwamfuta, ko a takardar da aka buga, kamanninsa ɗaya ne. A shekarar 2008 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta karɓe shi ya zama tsari na kowa da kowa. Shi ya sa kamfanoni barkatai suke iya yin manhajojin buɗe shi da haɗa shi ba sai sun jira Adobe ba.

Abin da ya shafe mu a wannan darasi shi ne fayil ɗin PDF guda yana ɗaukar shafuka masu yawa a jere. Hoto ba ya yin haka, kowane hoto shafi ɗaya ne. Ku tuna da fayil ɗin kwali na ofis, wanda akawu ke huda takardu ya zura musu zare ya ɗaure: ta sama ita ake fara gani, kuma ba wadda za ta zame ta ɓace. Wannan ɗaurin ne za mu yi, sai dai a waya.

Shirya takardun

A nan aka fi yin ɓarna, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Takardun da za ku haɗa iri uku ne galibi. Akwai waɗanda tun asali PDF ne, kamar silif ɗin da kuka sauke daga shafin JAMB ko rasit ɗin biyan kuɗi ta banki. Waɗannan a shirye suke. Akwai waɗanda aka rubuta da Word, kamar wasiƙar neman aiki da takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV. Su kuma a cikin Word ɗin za ku zaɓi a ajiye su a matsayin PDF, ba sai an je intanet ba. Sai na uku, takardun hannu da ke cikin leda ko ƙarƙashin akwati, waɗanda dole a ɗauki hotonsu.

Ɗaukar hoton takarda ba kamar ɗaukar hoton biki ba ne. Ku shimfiɗa takardar a kan abu mai faɗi wanda launinsa ya fi nata duhu, kamar tebur ko benci. Kada a kan katifa, kada a kan tabarma mai zane, kada kuma wani ya riƙe muku ita a hannu. Na sha ganin takardar shaida da babban yatsan mai ita ya rufe lambar jarrabawa, da wadda ƙafar mai ɗauka da silifas ɗinsa suka fito a gindinta. Mai tantancewa da ke da ɗaruruwan fayiloli a gabansa ba zai tsaya yana hasashen lambar da yatsa ya rufe ba.

Hasken rana ya fi kowane, amma a inuwa: bakin ƙofa ko kusa da taga da hantsi. Ku kashe filashin waya. Idan takardar an yi mata laminashin, filashi zai bar farin tabo a tsakiyarta, kuma yawanci daidai kan suna yake sauka. Ku goge gilashin kyamara da gefen riga, domin maiƙon hannu shi ne ke sa hoto ya yi hazo. Ku riƙe wayar a saman takardar daidai, ba a karkace ba, ku tabbata kusurwoyinta huɗu duk sun fito. Idan inuwar wayar ta faɗa kan rubutun, ku ɗan ja baya ko ku canza wurin tsayuwa. Takardar da ta daɗe a ninke, ku danne ta da littafi mai nauyi tun daren jiya.

Abin da ya fi kyamarar waya zalla shi ne sikanin. Ba sai kuna da injin ba. A wayar Android, manhajar Google Drive tana da shi: ku buɗe ta, ku taɓa alamar kyamara ko alamar ƙari, ku zaɓi Scan. Ita da kanta take gano gefen takarda, ta yanke tebur ɗin da ke kewaye, ta miƙar da shafin, ta ajiye shi a matsayin PDF. Masu iPhone suna da irin wannan a cikin Notes da Files. Wani abin jin daɗi shi ne za ku iya ɗaukar shafi bayan shafi a zama ɗaya, su fito a fayil guda. Wato idan duk takardunku na hannu ne, kun gama haɗawa ke nan tun ba ku shiga wani shafin intanet ba. Ku yi hattara da manhajojin sikanin na kyauta da ke manna tambarinsu a gindin kowane shafi. Ba haramun ba ne, amma takardar neman aiki da tallan wani kamfani a ƙasanta ba ta da kwarjini.

Sai batun WhatsApp. Mutane da yawa kan sa a ɗauko musu hoton takarda daga gida a turo musu. Idan aka turo shi a matsayin hoto, WhatsApp yana matse shi don ya rage cin data, ƙananan rubutu su dushe. Idan aka sake turawa daga wannan zuwa wancan aka yi ta ɗaukar hoton allo, sai ka ga hatimi ya koma baƙin tabo. Ku ce wa mai turowa ya taɓa alamar maƙala, ya zaɓi Document, ya turo shi a haka. Ta wannan hanya yana zuwa yadda aka ɗauke shi.

Kafin ku wuce, ku buɗe kowane shafi ku faɗaɗa shi da yatsu biyu. Kuna iya karanta suna, da kwanan wata, da lamba, da hatimi? Idan ku da kuka san abin da ke rubuce kuna kanne ido, baƙo ba zai iya ba. A sake ɗauka. Haɗawa ba ta gyara hoton da ya lalace, ɗauke shi take yi yadda yake ta sa a cikin fayil.

Jeri da suna

Idan masu neman sun faɗi jerin da suke so, shi za a bi ko da bai yi muku daɗi ba. Idan ba su faɗa ba, abin da aka saba shi ne wasiƙar nema a farko, sai CV, sai takardun karatu daga mafi girma zuwa ƙasa, sai takardar hidimar ƙasa ga wanda ya yi, sai takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma da katin shaida. Katin da ke da gaba da baya, a ɗauki duka fuskokin biyu a jera su kusa da juna.

Ga wata dabara da za ta rage muku wahala. Waya kan ba hoto suna mai tsawo na lambobi, wanda ba ya gaya muku komai. Ku buɗe folda guda, ku zuba takardun a ciki, ku canza wa kowace suna kuna farawa da lamba: 01_wasika, 02_cv, 03_diploma, 04_neco, haka har ƙarshe. Ku sa sifili a gaban lambobin da ba su kai goma ba, domin wasu na'urorin kan jera 10 a gaban 2 idan babu shi. Kun lura na rubuta «wasika» ba da ƙ mai lanƙwasa ba. Da gangan ne. A cikin rubutu muna kiyaye ƙ da ɗ da ɓ, amma a sunan fayil wasu shafukan ɗora takardu ba sa gane su, sai su ƙi karɓar fayil ɗin ko su mayar da harafin wata alama daban. A sunan fayil ku tsaya ga haruffan da ba su da lanƙwasa da lambobi, ku guji barin fili tsakanin kalmomi.

Haɗawar kanta

Shafukan da ke wannan aiki kyauta suna da yawa. Waɗanda aka fi sani sun haɗa da iLovePDF, na wani kamfani a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya, da Smallpdf na birnin Zurik a Suwizalan, da PDF24 na ƙasar Jamus, sai shafin Adobe kansa. Tsarinsu kusan ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya ya iya sauran. Za mu yi misali da iLovePDF don ba ya neman a yi rajista kafin a haɗa. Rubutun maɓallan da Turanci yake, saboda haka zan kawo su yadda za ku gan su a allo.

1. Ku buɗe burauza ku rubuta ilovepdf.com da hannunku a gurbin adireshi. Zan faɗi dalilin rubutawa da hannu nan gaba.
2. Ku zaɓi «Merge PDF», wato haɗa PDF.
3. Ku taɓa babban jan maɓallin «Select PDF files». Wayar za ta buɗe muku ma'ajiyarta. Ku shiga foldar da kuka shirya, ku danne fayil na farko na ɗan lokaci har ya nuna an zaɓe shi, sannan ku taɓa sauran.
4. Kowane fayil zai fito da ɗan ƙaramin hotonsa. Ku duba jerin. Wanda bai zauna daidai ba, ku danne shi ku ja shi inda ya dace. Akwai kuma maɓallin jerawa bisa suna, kuma a nan ne lambobin da kuka sa za su yi muku rana. Wanda ya kwanta a gicciye, akwai alamar juya shi.
5. Ku taɓa «Merge PDF». Ku jira. Kada ku rufe burauza, kada ku fita ku shiga wata manhaja, musamman idan sabis ba shi da ƙarfi, domin a lokacin ne fayilolin ke tafiya.
6. Idan ya gama, ku taɓa «Download merged PDF». Sabon fayil ɗin zai sauka a foldar Downloads.

Shi ke nan. Takardunku na asali suna nan ba abin da ya taɓa su, sabon fayil ne aka ƙirƙira daga kwafinsu.

Idan a cikin takardun akwai hotuna, wato fayilolin da sunansu ya ƙare da jpg ko png, wannan maɓalli ba zai gan su ba, don PDF kawai yake karɓa. Sai ku fara bi ta «JPG to PDF» a wannan shafin. Ku zaɓi girman shafi A4, wanda shi ne girman takardar ofis da muka saba da ita, milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo. Idan ba ku zaɓa ba, wani shafin zai fito ƙato, wani ɗan mitsitsi, mai dubawa ya yi ta faɗaɗawa yana ragewa. A nan ma akwai zaɓin haɗa dukkan hotunan su fito a fayil ɗaya.

Sabon fayil yakan sauko da sunan da shafin ya ba shi. Ku canza shi nan take zuwa sunanku da abin da ke ciki, in kuma masu neman sun faɗi yadda za a sa suna, ku bi nasu. Sannan ku buɗe shi ku bi shafi shafi daga farko har ƙarshe, kuna ƙirgawa. Idan takarda tara kuka sa, ɗaya daga ciki mai shafi biyu, shafi goma ya kamata ku gani. Wannan dubawa ita ce mutane suka fi tsallakewa, musamman a ranar da za a rufe shafin nema. A ganina wanda bai buɗe fayil ɗinsa ya duba ba, bai gama aikin ba, ko da allo ya nuna masa koren alama.

Idan fayil ya yi nauyi

Nauyin fayil da kilobait da megabait ake auna shi, ana rubuta su KB da MB. Megabait ɗaya ya ɗan haura kilobait 1,000. Ku kula da wannan sosai, domin wanda ya ga an ce kada fayil ya wuce 500 KB, nasa kuma 3 MB, yana iya zaton yana ƙasa, tunda 3 bai kai 500 ba. Alhali nasa ya ninka iyakar kusan sau shida.

Hoton da kyamarar waya ta ɗauka yakan kai megabait 2 zuwa 5. Goma daga cikinsu za su iya haura 30, kuma haɗawa ba ta rage komai, tara nauyin take yi. Gmail ba ya ɗaukar maƙalar da ta wuce 25 MB, sai ya mayar da ita mahaɗin Google Drive, wanda mai karɓa ba lallai ya iya buɗewa ba idan ba ku ba shi izini ba. Shafukan neman aiki da na makarantu kuwa iyakarsu ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ga kuma data: fayil mai nauyin 30 MB sai ya ci muku ita wajen ɗorawa, ya sake ci wajen saukewa, ya kuma ci wajen aikawa.

Maganin shi ne «Compress PDF», wato matse fayil. A iLovePDF mataki uku ne: matsa mai tsanani, da matsakaiciya wadda suka ba da shawara, da mai sauƙi. Ku fara da ta tsakiya. Matsewa rage kaifin hoto take yi, don haka bayan ta ku sake faɗaɗa ƙananan rubutu ku gani ko suna karantuwa. Kada ku matse abin da aka riga aka matse sau biyu sau uku, kowane zagaye ƙara dusar da shi yake yi. Idan har yanzu ya ƙi sauka, ku koma tushe: ku sake yin sikanin da launin toka-toka maimakon cikakken launi ga takardun da ba su da hoton fuska ko hatimi mai launi, ku kuma cire duk takardar da ba a nema ba. Ba dole ne kowace takardar halartar bita ta kwana ɗaya ta shiga ba.

Wa kuka miƙa wa takardunku?

Yanzu ku tsaya ku yi tunanin abin da ya faru a mataki na biyar. A yawancin waɗannan shafuka, ba a cikin wayarku aka yi haɗawar ba. Takardunku sun bar hannunku, sun tafi wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, can aka haɗa su aka dawo muku da sakamako. A cikinsu akwai cikakken sunanku, da ranar haihuwa, da hoton fuska, da sa hannu, wataƙila da lambar NIN mai lamba 11, da adireshin gida. Da irin waɗannan bayanai ake buɗe asusu da sunan wani, ko a ci bashi ta manhaja da sunansa, ko a kira shi a waya a karanto masa bayanansa har ya yarda daga banki ne.

Yawancin manyan shafukan da na ambata suna cewa suna goge fayil bayan awa ɗaya ko biyu. Na Sifaniya da na Jamus suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, kuma tana da tara mai tsanani. Wannan ya sa na fi natsuwa da su. Amma alkawari ne suka yi, ba ku da hanyar leƙawa ku tabbatar. A Najeriya ma an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, sai dai bin kadin shafin da ba a san mai shi ba, ba a san ƙasar da yake ba, abu ne mai wuya ga kowace hukuma.

Kuma irin waɗannan shafuka suna nan. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI da ke birnin Denba a Amurka ya fitar da gargaɗi kan shafukan bogi masu canza fayil ko haɗa shi kyauta. Abin da ya sa suke da haɗari shi ne suna yin aikin da aka sa su. Za su haɗa maka takardunka, ka sauke, ka ga komai daidai. Amma suna iya kwashe bayanan da ke cikin takardun, ko su haɗo ka da muguwar manhaja da za ta zauna a na'urarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shafin gaskiya da talla da kuɗin masu biyan rajista yake rayuwa, na bogi kuwa da bayananku.

Wannan ne dalilin da na ce ku rubuta adireshi da hannu. Idan kuka nema a Google, sakamakon farko sau da yawa talla ce da aka biya, kuma mazambata kan yi shafi mai suna kusa da na gaske, harafi ɗaya kawai suka canza. Ku karanta adireshin harafi harafi. Alamar kwaɗo ko https a gaban adireshi tana nufin an rufe hanyar da bayanai ke bi, ba ta nufin mai shafin mutumin kirki ne. Ku kuma lura da waɗannan: shafin haɗa takardu ba shi da abin yi da lambar katin ATM, ko BVN, ko kalmar sirrin imel ɗinku. Idan ya nema, ku fita. Abin da za ku sauke bayan haɗawa dole sunansa ya ƙare da pdf. Idan ya ƙare da exe ko apk, manhaja ce ba takarda ba, kada ku buɗe, ku goge. Sannan shafukan kyauta kan cika da tallace-tallace masu kama da maɓallin saukewa, wasu ma sun fi na gasken girma da ƙyalli.

Shawarata ita ce ku raba takardunku gida biyu. Jadawalin aji, da takardar gayyata, da rahoton ƙungiya, da darussa, ku haɗa su a intanet hankali kwance. Amma bayanan asusun banki, da fasfo, da takardun asibiti, da takardun fili ko na gado, da sirrin wurin aiki, gara a haɗa su ba tare da sun bar na'urar ba. Hanyoyin suna nan. Mai kwamfutar Windows zai iya sa PDF24 Creator, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet. Mai iPhone zai zaɓi fayilolin a cikin Files ya taɓa «Create PDF».  Idan ma'aikaci ne ku, ku tambayi shugabanku kafin ku ɗora takardar ofis a kowane shafi na waje.

Shagon kwamfuta ma wuri ne na lura. Ba ina zargin masu shago ba ne, yawancinsu neman halal ɗinsu suke yi, kuma sun fitar da mutane da yawa kunya. Amma ku leƙa foldar Downloads a kwamfutar shago wata rana, za ku ga takardun mutane tuli, kowa ya zauna zai iya buɗewa. Idan a shago aka yi muku, ku roƙi mai shagon cikin mutunci ya goge fayilolinku a gabanku, har da kwandon shara na kwamfutar, da hirar WhatsApp ɗin da kuka tura masa su. Idan kun shiga imel ɗinku a can, ku fita daga ciki kafin ku tashi.

Tangarɗar da aka fi samu

Wani lokaci shafin zai ce fayil a kulle yake. Bankuna kan turo bayanan asusu da kalmar sirri, kuma sai an buɗe da ita kafin a haɗa. Idan ba ku ne masu kalmar ba, ku koma wurin wanda ya ba ku takardar. Takardar da ke ɗauke da sa hannun lantarki na hukuma, irin wanda kwamfuta ke tantancewa, wannan sa hannu yakan daina aiki idan aka haɗa ta da wasu, don haka a aika ta ita kaɗai in an yarda. Fom ɗin da ake cikewa a kwamfuta shi ma a duba shi bayan haɗawa, domin abin da aka rubuta a gurabensa yakan ɓace. Idan shafi ɗaya ne ya shiga sau biyu ko ya zauna ba a wurinsa ba, ba sai an sake daga farko ba, «Organize PDF» yana ba da damar goge shafi ko matsar da shi. Idan kuwa aikin ya tsaya a tsakiya, galibi sabis ne. Ku nemi wurin da ya fi ƙarfi, ko ku bari sai da sassafe. Wasu shafukan kuma suna ƙayyade yawan aikin kyauta a rana, in ɗaya ya ce ku biya, ku koma wani daga cikin waɗanda muka ambata.

Aikin aji

A wannan gwaji ba za mu yi amfani da takardun shaida na gaske ba. Kowa ya yagi falle uku daga littafin rubutu, ya rubuta babban 1 da 2 da 3 a samansu, da layi biyar na ƙananan rubutu a ƙasa. Ku zauna biyu-biyu, wanda ba shi da babbar waya ya haɗu da mai ita.

Ku yi sikanin kowane falle daban, ya zama fayil uku. Ku ba su suna da lamba yadda muka koya, ku haɗa su a intanet, ku rubuta nauyin sabon fayil ɗin a littafinku. Ku matse shi, ku sake rubuta nauyin, ku kwatanta. Sannan ku tura wa abokin zamanku a matsayin Document. Shi zai duba abu huɗu ya faɗa wa aji: shafukan sun cika uku, suna a jere, babu wanda ya kwanta, kuma ƙananan rubutun suna karantuwa.

A gida, ku amsa waɗannan a rubuce. Wani shafi ya ce kada fayil ya wuce 800 KB, naku kuma 1.5 MB ne. Zai shiga ko ba zai shiga ba, kuma me za ku yi? Ku kawo alamomi uku da za su sa ku fita daga shafin haɗa takardu nan take. Daga ƙarshe ku lissafa takardun da ke gidanku, ku raba su gida biyu, waɗanda za ku yarda ku haɗa a intanet da waɗanda ba za ku yarda ba, da dalilin kowanne. Sunayen takardun kawai za ku rubuta, ban da lambobin da ke cikinsu. Ku zo da wayoyinku da caji a zama na gaba.